Dokin Faiba a Falon Alhaji: Lacca Kan Sassaƙa da Adon Ɗaki na Zamani

  

An ɗora mini magana a kan wani ado da ya shigo gidajenmu ba sallama, wato mutum-mutumi da sauran surori na sassaƙa ko na zubi waɗanda ake yi su fito sak da abin da aka kwaikwaya. Duk mai shiga sababbin gidaje a Maitama ko Asokoro, ko Nasarawa ta Kano, ko Unguwar Rimi ta Kaduna, ko Filato ta Yamai, ya san abin da nake nufi. Kana wuce ƙofar falo za ka ci karo da doki ya ɗaga ƙafafun gaba, an shafe shi da ruwan gwal. Gefen talabijin ga mikiya ta buɗe fukafukai, ƙarƙashin matakalar bene ga zaki ya wage baki. Ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji fanko: faiba ce aka zuba a wata masana'anta a ƙasar Sin, aka buga irinsa barkatai, ya biyo kwantena ta Dubai ko ta Ikko. Otal-otal da ofisoshi da ɗakunan biki su ma abin da ake yi ke nan.

Ra'ayina, tun kafin in yi nisa, shi ne mun karɓi wannan ado ta mafi munin hanyarsa. Mun ɗauki irin wanda malamanmu suka fi yin magana a kansa, mun saye shi a mafi ƙarancin inganci, mun jibge shi ba tsari, alhali akwai wata ƙofar a buɗe wadda babu jayayya a kanta, kuma masu hannun da za su yi mana aikin suna nan zaune ba ciniki.

Bari mu fara da ɗakin kansa. Adon ɗakin Bahaushiya na gargajiya jere ne, kuma ƙa'idar jere ita ce yawa. 'Yan jere za su tashi tun daga ƙasa har rufi, tasa kan tasa, fanteka kan fanteka, samira da kumbuna, ba a barin bango ya huta. Idan 'yan ganin ɗaki suka fito suna cewa ba masaka tsinke, to uwar amarya ta fita kunya. Ginin zamani kuwa a kan akasin haka aka gina shi: farin bango, gilashi, tayil mai sheƙi, fili. Wanda ya fi nuna yadda ake sa sassaƙa a irin wannan wuri shi ne wani mai zanen gini Bajamushe, Mies van der Rohe. A 1929 ya gina wa ƙasarsa rumfa a baje kolin duniya na Basalona, daga gilashi sai ƙarfe sai dutsen mabul, babu zane ko ɗaya a jikin bango. A cikin ginin nan gaba ɗaya sura ɗaya tak ya sa, aikin Georg Kolbe, a can ƙurya cikin wani ɗan tafki. Mai tafiya a ciki zai hango ta a ruwa, ya sake ganin inuwarta a gilashi, ya kuma gan ta a jikin mabul. An rushe rumfar a 1930, amma saboda darajarta aka sake gina ta a 1986, kuma har gobe ɗaliban zanen gini suna zuwa kallonta. Mu sai muka gina falon Basalona muka shiga yi masa jere. Doki nan, zaki can, agogo mai tsuntsu, furen roba, duk a kan kabet ɗaya. Ido ya rasa inda zai sauka.

Sura mai kama da gaske ba ta yarda da cunkoso, domin tana da wani ƙarfi da labule ko kafet ba su da shi. An halicci idon ɗan Adam da neman fuska. Ko a jikin gajimare ko a tsagewar bango sai mu hango ido da baki. Saboda haka duk ɗakin da aka ajiye siffar mutum ko dabba, ita ido zai fara kaiwa, ita zai koma wa. Baƙo ce da ta zo ba ta da ranar tafiya, tana zaune a falonka dare da rana, tana kallon duk wanda ya shigo. Irin wannan baƙo ana tunani kafin a ba shi masauki.

Turawa sun daɗe suna gwada iyakar wannan ƙarfi. A 1877, Auguste Rodin na Faransa ya nuna mutum-mutumin wani saurayi, sojan Beljiyam, wanda ya yi kama da mutum har aka zarge shi da cewa filasta ya shafa wa yaron ya kwafe jikinsa, ba da hannu ya gina ba. Sai da ya sha wahala kafin ya wanke kansa. Abin da aka ɗauka maguɗi a zamanin Rodin shi ya zama sana'a bayan shekara ɗari. Duane Hanson na Amurka, wanda ya rasu a 1996, jikin mutane na gaske yake kwafa, ya zuba da faiba, ya yi fenti har da jijiyoyi da ƙurajen fata, ya sa gashi da tufafi na gaske. Mutanensa talakawa ne: masu shara, masu gadi, 'yan yawon buɗe ido da kyamara a wuya. Masu ziyara kan wuce su suna zaton ma'aikatan wurin ne. Ron Mueck, haifaffen Ostareliya, ya kai abin ƙarshe, gashi ɗaya bayan ɗaya yake dasawa a fatar silikon. Amma ku lura da dabararsa: ba ya yin sura daidai girman mutum. Surar wani yaro a tsugune da ya yi, wadda ke gidan adana kayan fasaha na Aarhus a Denmak, ta haura mita 4, surar gawar mahaifinsa kuwa ya yi ta ƙarama, ba ta kai tsawon mutum ba. Da ma tun 1970 wani masanin na'urori ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa abin da aka ƙera yana ƙara shiga ran mutum gwargwadon kamarsa da ɗan Adam, har ya zo gab da zama mutum sak, a nan sai sha'awa ta juye ta koma tsoro da ƙyama. A gidan kallo wannan tsoro abin nema ne, an biya kuɗi don a ji shi. A gida kuwa, inda Hajiya za ta fito ɗaukar ruwa ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, ba abin wasa ba ne.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan gwaninta ta Turawa ce. A 1938 masu haƙa harsashin gini kusa da fadar Ooni a Ile-Ife suka tono kawunan tagulla waɗanda masana suka ce an zuba su tsakanin ƙarni na 12 da na 15. Ka dubi leɓe da kumatu da tsagen fuska, ka rantse ka san mai fuskar. Tun a 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga ɗaya daga cikin irinsu, amma girman kai ya hana shi yarda baƙar fata ne suka yi, sai ya ƙirƙiro labarin wasu Girkawa da suka ɓace. Hanyar zubin kuwa har yau ita ake bi a layin Igun na birnin Benin. A gina ƙwarya-ƙwaryar siffar da yumɓu, a lulluɓe ta da kakin zuma, a sassaƙa duk wani ƙaramin zane a jikin kakin, a sake rufewa da yumɓu a bar kafa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a ɗura narkakkiyar tagulla mai zafin kusan digiri 1,000 ta cike gurbinsa. Kafin a fito da aikin dole a fasa mazubin, shi ya sa kowane guda ba shi da na biyu. A zamaninmu kuma Ben Enwonwu ya yi mutum-mutumin Sarauniyar Ingila na tagulla a 1957, kuma surorin katako 7 da ya sassaƙa wa ofishin jaridar Daily Mirror a Landan an yi gwanjonsu a 2013 a kan fam fiye da 300,000.

Yanzu mu zo ga maganar da na san tana ran kowa tun da na fara. Akasarin masu saurarona Musulmi ne, kuma ba zai yiwu a yi wa Musulmi laccar mutum-mutumi a tsallake hukunci ba. Fatawa ta malamai ce, ga su nan a sahun gaba, Allah ya gafarta musu. Ni abin da ke rubuce a littattafansu zan kawo.

Asalin tsoron sananne ne. A cikin Suratu Nuh, aya ta 23, an ambaci sunayen gumaka biyar, kuma Bukhari ya kawo bayanin Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, cewa sunayen wasu bayin Allah ne na kirki. Da suka rasu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu don tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka san dalili suka shuɗe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, sun kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga masu yin surori. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga ɗakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda wata sura, ya ce a cire kanta ta koma kamar bishiya. Ayar Suratu Saba'i da ta ce aljanu suna yi wa Annabi Sulaiman surori kuwa, malaman tafsiri sun ce shari'arsa ce, ba tamu ba.

Malamanmu na Malikiyya sun tsefe mas'alar dalla-dalla, kuma abin sha'awa a babin walima suka fi tattauna ta, wajen lissafa abubuwan da idan suna gidan biki wanda aka gayyata yana da uzurin ƙin zuwa. Ku duba, ashe tun can maganar adon ɗaki ce. Abin da Shehu Dardir da masu sharhin Mukhtasar suka tsayar shi ne, haramci yana kan surar abu mai rai, mutum ko dabba, idan tana da inuwa, wato tana tsaye da jikinta, kuma gaɓoɓinta sun cika. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango ba su kai shi ga haram ba, makaruhi ne ko barinsa ya fi. Sun togace 'yar tsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita. Wadda aka rage mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita sun sassauta, ko da yake a kan surar kai da kafaɗa zalla malamai sun saɓa, da yawa suna cewa ai kan shi ne surar. To ku auna dokin falon nan da wannan ma'auni: mai rai ne, yana da inuwa, ƙafa huɗu da wutsiya sun cika. Babu sharaɗin da ya bari.

Gaskiya ne an sami masu sassauci. Shehu Muhammad Abduh na Masar, wanda ya rasu a 1905, yana ganin idan tsoron bauta ya kau kuma akwai amfani na ilimi da adana tarihi, hukuncin yana sauƙi. A Masar ɗin ne aka ƙaddamar da babban aikin sassaƙa na Mahmud Mukhtar kan farfaɗowar ƙasa a 1928, yana nan kusa da Jami'ar Alƙahira. Amma a Masar ɗin dai, a 2006, Muftin ƙasa Ali Jumu'a ya ba da fatawar hana ƙawata gida da mutum-mutumi, aka yi ta ka-ce-na-ce a jaridu. Rinjayen malamai, da da yanzu, yana wajen hani. 'Yan'uwanmu Kirista suna da tasu fahimtar, mabiya Katolika suna ajiye surori a coci da gida, wasu ɗarikun kuma suna gudunsu. Kowa ya san abin da addininsa ya ce masa. Abin da ba na so shi ne mai zanen ɗaki ya cusa wa maigida abin da zai sa surukinsa malami ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa, don kawai ya gani a Instagram.

Amma a cikin hadisan nan akwai wanda masu sana'a ya kamata su riƙe. Wani mutum ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci da iyalinsa. Ya faɗa masa gargaɗin, mutumin ya razana, fuskarsa ta canja. Ibn Abbas bai ce masa ya bar sana'a ya zauna ba, ya nuna masa bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Littattafan Malikiyya su ma sun ambaci jirgin ruwa da bishiya a matsayin abin da ba laifi. Wannan fili ne mai faɗin gaske, kuma mu muka bar shi ya yi ciyawa.

Mutane suna zaton gwanintar kamantawa sai a fuska. Ku je gidan tarihi na ƙasa a Ikko ku nemi tulun Igbo-Ukwu. Masanin tono Thurstan Shaw ya yi aiki a wurin a 1959 da 1960, kuma kayan sun kai shekara 1,000 a duniya. Tulun ruwa ne na tagulla an ɗaure shi da ragar igiya, igiyar ma tagulla ce, ƙulli bayan ƙulli, har yau masana zubi suna jinjina yadda aka yi shi. A wurin aka sami ƙoren tagulla waɗanda suka kwaikwayi ƙwaryar duma. A Ingila, Grinling Gibbons, wanda ya rasu a 1721, ya ƙawata ɗakunan fadoji da furanni da 'ya'yan itace na katako, har ya sassaƙa ƙyallen wuya mai leshi wanda wani attajiri, Horace Walpole, ya ɗaura ya tari baƙinsa da shi a 1769. Ƙyallen yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Marilyn Levine 'yar Kanada ta shafe rayuwarta tana gina jakunkuna da takalma da rigunan fata da yumɓu, da tsufansu da tattararsu da zaren ɗinkinsu, sai ka taɓa ka ji sanyin kasko kafin ka yarda. Alhazanmu kuma sun ga Jidda. Magajin garinta Muhammad Sa'id Farsi, tsakanin 1972 da 1986, ya cika shataletale da bakin teku da manyan ayyukan sassaƙa, kuma waɗanda mutane suka fi tunawa su ne ƙaton keken nan da butocin gahawa da fitilu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, ai sassaƙa ya yi da ƙasa da azara, kowane ginshiƙi da zanensa mai tudu da kwari. Magina na bayansa a Zariya da Kano da Damagaram, da zamani ya zo, ba su tsaya kan dagi ba: sun ɗora takobi da agogo da keke da mota har da jirgin sama a fuskar gida, da laka da makuba. Wato sun ga abin da ya burge mutanen zamaninsu suka fito da shi, galibi ba tare da taɓa mai rai ba.

To me zai hana a yau attajirin da ya gina falo mai tsawon bene biyu ya sa a zuba masa rawani ɗan Kura da tagulla, da naɗinsa da kunnuwansa da sheƙin bugu? Ko sirdin hawan daba da likkafa da jalala, ko kwalkwali da sulke, ko riga aska takwas a rataye kamar yanzu maigida ya tuɓe ta? Banki zai iya ajiye buhun gyaɗa na tagulla a zauren karɓar baƙi, wanda duk Bakano zai gane dalar da ake tunawa. Otal a Katsina ko Maraɗi ya sa kuka da rassanta, ko tulu a kan gammo, ko huhun goro an buɗe ganye. Ɗakin karatu ya sa gafaka da kurtun tawada. Wanda ya iya fito da laushin fatar gafaka daga dutse, ko tattarar rawani daga ƙarfe, bai gaza mai yin fuska gwaninta ba. Ni a wurina ma ya fi shi wahala, domin fuska ko an kuskure ta ido yana cike giɓin, amma Bahaushe ya san naɗin rawani, kuskure kaɗan zai ce wannan ba naɗin Sarki ba ne.

Ga masu zanen ɗaki, akwai abubuwan aiki da ake yawan tsallakewa. Na farko wuri. Tun a takarda ake ware wa sura mazauni, ba bayan an shigo da kujeru a nemi inda ya rage ba. A bar mata fili a zagaya ta, bayanta ya zama bango salin-alin, tsakiyarta ta zo daidai idon mai kallo, wajen santimita 150 daga ƙasa idan a tsaye za a gan ta, ƙasa da haka idan daga kan kujera ne. Kada a sa ta gabas da inda mutanen gida ke shimfiɗa dadduma, ko da ba mai rai ba ce, don tana ɗauke hankali.

Haske shi ne rabin aikin, kuma a nan silin ɗin fiyofi yake cutar mu. An jera farin ƙwai ashirin suna zubo haske ta ko'ina, inuwa ta mutu, sura ta koma kamar hoton kalanda. Abin da sassaƙa ke so fitila ɗaya ce mai ƙarfi daga sama ta gefe, a karkace, da wata mai rauni daga ɗaya gefen don kada inuwar ta yi baƙi ƙirin. Tagulla da katako da kasko sun fi kyau da haske mai ɗan ja, wanda za ku ga an rubuta 2700K ko 3000K a kwalin ƙwan.

Sai yanayinmu, wanda ba ya raga wa kayan da aka yi don wata ƙasa. A Kano da hunturu laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta ta haura 70, alhali gidajen tarihi suna ƙoƙarin tsayar da ita wajen kashi 50. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, shi ya sa sassaƙar da aka sayo a Ikko ko Kwatano ɗanya take tsagewa a hunturun farko. A nemi busasshen itace, a nisanta shi da bakin na'urar sanyaya ɗaki da hasken taga, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Faiba rana tana cinye launinta, ruwan gwal ɗin ya yi ta ɓarewa, kuma ba ta gyaruwa ta koma kamar da. Araha ba ta ado. Tagulla ita ce mai haƙuri, amma iyayenmu mata, don Allah a hana 'yan aiki dirje ta da toka da lemon tsami kamar tasa. Duhun nan da koren da ke jikinta da gangan mai aikin ya sa su. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, sai ɗan kaki jefi-jefi. Dutse kuma a tuna da nauyinsa: mabul mai faɗi da tsawo da tsayin mita ɗaya yana kai kilo 2,700, dakalin benen gida kuwa yawanci ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 ne a kowane murabba'in mita. Kafin a hau da babban dutse sama a tambayi injiniya. Gidan da ke da yara a ɗaure sura da ƙusa a jikin mazauninta.

Akwai wata kasuwa da nake roƙon ku ku guje mata. Wani zai zo muku a ɓoye da kan kasko a cikin tsumma ya ce na Nok ne. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, kuma wajen 1943 aka kai wa masanin tono Bernard Fagg wani kai daga Jama'a wanda aka kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye. Shi ya gane darajarsu, shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ya nuna wasunsu sun haura shekara 2,500. Daga baya 'yan tonon sata suka far wa wuraren, har da na yankin Katsina da Sakkwato da Kwatarkwashi, da na Bura a Nijar. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa dukkansu a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, kuma dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Don haka mai sayen kan Nok ɗaya cikin biyu ne: ko an sayar masa da jabu da aka gasa bara aka turbuɗe a ƙasa, ko ya sayi kayan sata. Ramin da aka tono ba ilimi kuwa, labarin da ke cikinsa ya tafi har abada. Ba ma iya murnar Jamus ta dawo mana da tagullar Benin a Disambar 2022 mu kuma muna ba ɓarayin gida ciniki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu rai su ya kamata mu saya wa. Sashen zane na Zariya ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, a can su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, kuma duk wanda ya ratsa lambun sassaƙa na Samaru ya ga abin da hannun ɗalibai ke iyawa da siminti da ƙarfe. Yaranmu Hausawa da yawa suna gudun wannan fanni, wanda ya shiga kuma yakan ɓoye wa dangi, saboda an sa masa a rai cewa sassaƙa ita ce gunki. Idan ya gama ya koma rubuta allon talla ko zuba fiyofi. Ga maƙeran tagulla na Bida, ga maƙeran fari na Kano da Agadas, ga magina tukwane na Abuja da Suleja waɗanda Ladi Kwali ta fito daga cikinsu har hotonta ya hau naira 20. Abin da suka rasa mai oda ne wanda zai zo da tunani, ya ba da kuɗin kayan aiki, ya yi haƙurin wata uku ko shida.

Saboda haka, masu zanen gini, ku riƙa ware wa aikin hannu wuri da kasafi tun a zanen farko, ku kai maigida wurin mai aikin su ga juna. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, idan kun faɗi abin da aka hana ku haɗa da abin da aka halatta, don yaro mai baiwa ya san inda zai sa hannunsa. Alhazai da Hajiyoyi masu gina gidaje, idan za ku ba da oda ku nemi a fara yi muku ƙaramin samfuri da yumɓu ku gani, ku yi yarjejeniya a rubuce, kuma ku karɓi takarda mai ɗauke da sunan wanda ya yi aikin da shekarar da ya yi shi da abin da ya yi shi da shi. Ku ajiye ta tare da takardun gida.